Littafinmu ya koma madaba'a karo na biyu

Albishir gare ku, ku da kuka san ɗan kamfaninmu na wallafa littattafai da ke Tudun Wadan Zariya. Littafin labaran yara da muka fitar ya ƙare ƙaf, ko kwafi ɗaya bai rage a kanta ba, kuma yanzu haka yana madaba'a ana sake buga shi. Tun da muka kafa kamfanin, wannan ne karon farko da wani littafi namu ya kai bugu na biyu. Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce mene ne na shela a nan. Amma duk wanda ya taɓa jibge katan-katan na littafi a ƙuryar ɗaki, ƙura na hawa na sama, gara na lasar na ƙasa, ya san nauyin wannan labari.

Mu uku ne kacal: ni da nake karanta rubutu ina gyarawa, da abokina mai tsara shafuka a kwamfuta, da ƙanwata mai riƙe da littafin shige da fice. Injin bugu ba mu da shi, kuma ba ma neman sa. Har gobe akan samu mai leƙowa ya ce, "Malam, nawa za ka buga mini katin ɗaurin aure?" Sai in nuna masa hanyar madaba'a. Aikinmu shi ne mu zaɓi rubutu, mu gyara shi, mu zuba kuɗinmu a buga, sannan mu ɗauke shi mu kai wa mai karatu. Mai madaba'a ya karɓi kuɗinsa ko littafi ya sayu ko bai sayu ba. Mu kuwa sai ya sayu muke ci.

Yin wannan sana'a a Zariya yana da nauyi na daban. A nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, ita ce ta shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko. A nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, NORLA, ta biyo baya lokacin yaƙi da jahilci, sannan kamfanin wallafa littattafai na Arewa, NNPC, a 1966. Duk lokacin da na bi ta Tukur-Tukur sai na tuna cewa littattafan da iyayenmu suka koyi karatu da su daga nan suka fita. Sai dai akwai abin da suke da shi wanda mu ba mu da shi. Su gwamnati na bayansu, makarantu da azuzuwan yaƙi da jahilci na jiran abin da za su fitar. Mu babu mai jiranmu. Kowane mai karatu sai mun je mun nemo shi da ƙafarmu.

Shi ya sa tun farko na zauna da marubuciyar, wata malamar firamare ce a cikin Birni, muka yi maganar ƙaddamarwa. Kowa ya san yadda ake yi. A kama zaure, a nemo shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa da mai sharhin littafi, manya su tashi ɗaya bayan ɗaya su sayi kwafi kaɗan da kuɗi mai tsoka. Ban raina wannan ba, domin ya share wa marubuta da yawa hawaye, kuma akwai masu bayarwa saboda Allah da kishin harshe. Amma na sha ganin alkawarin da aka yi a gaban lasifika ya zama abin bi ana sintiri wata da watanni. Na kuma ga littafin da aka tara masa kuɗi sosai ranar taro, bayan nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, don waɗanda suka saya ba masu karantawa ba ne, masu karantawar kuma ba a gayyace su ba.

Na ce mata, "Malama, kuɗin nan ɗaya ne. Ko mu kama zaure da shi, ko mu biya mai zane ya yi wa kowane labari hoto."

Ta ce, "Malam, ni dai burina in ga yaro riƙe da shi yana karantawa ba don an sa shi ba. A ba mai zanen."

A kan haka muka tsaya.

Gyaran rubutun ya fi komai cin lokaci, kuma a nan na fi ƙaruwa. Labaran sun yi daɗi a takarda, amma ni ba yaro ba ne. Sai muka roƙi shugaban makarantarsu ya ba mu 'yan aji huɗu bayan an tashi. Ita tana karantawa da ƙarfi, ni ina zaune a benci na baya da fensir. Duk inda na ga yara sun fara mutsu-mutsu, wani na tsokanar na kusa da shi, wata na leƙen taga, sai in sa alama a gefen shafi. Inda kuwa aji ya yi tsit, ko aka fashe da dariya, nan ma in sa. Da muka koma muka duba, kusan duk wuraren da hankalinsu ya tafi wuraren nasiha ne, inda labari ya tsaya marubuciya ta hau wa'azi. Ba ta ji daɗi ba da farko, don a ganinta nasihar ce amfanin littafin. Na ce mata ai yaran sun riga sun gane wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure tun kafin ta faɗa, ta tambaye su ta ji. Ta tambaya, suka ba ta amsa tiryan-tiryan. Da hannunta ta soke waɗannan sakin layin.

Akwai kuma batun Zazzaganci. Mu nan ba mu cika raba namiji da mace a magana ba, kuma haka ya fito a rubutunta. Muka daidaita cewa muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, tunda littafin zai shiga aji har a Kano da Katsina da Sakkwato, amma tsohuwar da ke cikin labarin a bar ta da harshenta na Zazzau. Malaman da suka karanta daga baya sun ce ita yara suka fi kwaikwayo.

Wanda zai buga littafin Hausa ya sa ido a kan haruffa masu lanƙwasa. Shafi zai yi kyau a kwamfutarka, a buɗe shi a ta madaba'a sai ka ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take ya zama ɗan akwati, ko harafin ya fita daban da 'yan uwansa, ya yi tsayi ko ya yi ƙiba. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba. Dokarmu ita ce ba ma miƙa aiki sai a PDF da haruffan a ƙulle a ciki, kuma ba a ƙona faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kansa injin ya buga, sai na ga kwafin gwaji na sa hannu a kowane shafi. In an riga an ƙona, gyaran harafi ɗaya kuɗin sabon faranti ne.

Lissafin madaba'a kuwa ba ya da wuya in an zauna an koya. A girman littafi irin namu, babbar takarda ɗaya tana ɗaukar shafi 16, takwas gaba takwas baya, kowace fuska da farantinta. Don haka littafi ya kan zo shafi 48 ko 64 ko 80. In rubutunka ya tsaya a 66, shafi biyun nan za su jawo maka kuɗin da bai kamata ba, gara a matse ko a ƙara abin amfani a cike. Namu 64 ne. Bango mai launi faranti huɗu yake ci, shi ya sa muka bar launi a bango kawai, hotunan ciki baƙi da fari. Abin da na ƙi sassautawa a kai shi ne takarda. Mai nauyin giram 60 ta fi araha, amma hoton baya yana leƙowa ta gaba, yaro mai koyon karatu kuma idonsa ba ya son hayaniya. Muka tsaya a kan 70.

Takardar ce ta kusa durƙusar da mu. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa ciyar da ƙasar nan, kusan duk abin da muke bugu a kai daga waje yake zuwa, da dala ake sayo shi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin da mai takarda ya faɗa maka ranar Litinin ba shi za ka tarar ranar Alhamis ba. Ga man janareta, don injin ba ya jiran a kawo wuta. Tun daga lokacin muka ɗauki ɗabi'u biyu. In kuɗi ya shigo, takarda muke fara saya mu ajiye, tun kafin a gama gyara. Kuma mun daina buga farashi a bayan bango.

Sai babban aikin, wato kai littafi hannun mutane. Kantunan littattafai na Sabon Gari da Samaru sun karɓa, amma bisa sharaɗin sai an sayar a biya, kuma littafin da ba ya cikin manhajar jarrabawa can ƙasan kanta ake tura shi. Ba laifinsu ba ne, su ma abin da ake tambaya suke sa wa a gaba. Inda littafin ya yi gudu shi ne makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu. Nakan je da kwafi biyu, ɗaya na shugaban makaranta, ɗaya na malamin Hausa, in ce, "Ranka ya daɗe, ba sayarwa na zo yi ba. A karanta wa yara labari ɗaya, in dawo mako mai zuwa in ji." Mafi yawa kafin in koma sun kira. Lokaci ma yana da muhimmanci. Wanda ya je bayan an koma hutu a Satumba ya makara, iyaye sun gama kashe kuɗin littafi. Tun ana shirin tafiya dogon hutu ake shiga jerin abin da za a saya.

Hanyar da ban taɓa zato ba ƙanwata ce ta kawo ta. Akwai wata dillaliya da ke shiga gidaje a Gyallesu da Tudun Jukun da atamfa da turaren wuta da kayan kicin. Ƙanwata ta ce mata, "Inna, ga wannan ki haɗa da shi, kina da kasonki a kowane ɗaya." Na ga yadda take yi wata rana a gidanmu. Ta kwance ƙullinta a tsakar gida, ta baje zannuwa, sannan ta zaro littafin daga ƙarƙashi ta miƙa wa yarinyar gidan ba tare da ta ce komai ba, ta ci gaba da ciniki da uwar. Kafin a gama taya atamfa yarinyar ta kai labari na biyu, ta ƙi sakin littafin. Uwar ta dube ta, ta ce a haɗa da shi a lissafi. Matan da ba sa zuwa kantin littafi, ta wannan hanya littafin ya same su har ɗaki, wasu ma raba kuɗin biyu suka yi wajen biya.

Na nesa kuma ta WhatsApp suke ganin bangon, su turo kuɗi ta banki, mu ɗaure mu kai tasha a Kwangila mu ba direban Kano ko Funtuwa ko Kaduna, mu tura wa mai kaya lambarsa. Kullum sai an samu mai cewa a turo masa PDF. Ba na jin haushi, don na san yawancin karatun Hausa yau a waya ake yin sa, kuma marubuta mata da yawa suna cin abinci da labaran da suke sayarwa a zaurukan WhatsApp. Amma littafin yaro a hannu ya kamata ya kasance, ya ɗauka ya ajiye, ya ara wa ƙaninsa, ba sai ya jira wayar uwarsa ta samu caji ba.

Ranar da ƙanwata ta rufe lissafin bugun farko, ta ware kason marubuciya kamar yadda muka rubuta a yarjejeniya tun kafin a fara aiki, muka kai mata har gida da takardar da ke nuna inda kowane katan ya tafi. Ta daɗe tana duba takardar. Ta ce ita a saninta marubuci shi ke biyan kuɗi a buga masa, ba ta taɓa jin an biyo shi da kuɗi ba. Wannan rubutacciyar yarjejeniya ba na fara aiki da kowa sai da ita, ko ɗan uwana ne, domin zumunci ba ya riƙe lissafi.

Bugu na biyun ya ƙaru zuwa shafi 80. Malamai ne suka nemi a sa tambayoyi bayan kowane labari, a kuma ƙara girman haruffa. Saboda kaurin mun bar ƙusa mun koma ɗinkin zare, wanda ya fi jure jakar ɗan makaranta. Tunda abin da ke ciki ya canza, sai da muka karɓo sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, mai lamba 13 da ke farawa da 978-978, kuma in ya fito za mu kai musu kwafi uku kamar yadda dokar 1970 ta ɗora wa kowane mawallafi mai zaman kansa. Muna sa ran karɓar kaya kafin makarantu su rufe.

Aikin da ke gabanmu ya fi wannan wuya. Iyalan wani malami da ya rasu a cikin Birni sun kawo mana waƙoƙinsa na wa'azi a ajami, a cikin gafaka, wasu takardun sun fara cin kansu a gefe. Muna so mu fitar da su ajami a shafin dama, boko a na hagu. Haruffan Larabci na kwamfuta ba su yi kama da hannun da dattawanmu suka saba karantawa a allo ba, don haka mun samu wani alaramma mai rubuta Alƙur'ani zai kwafe su da tawada da alƙalami, mu ɗauki hoton kowane shafi. Ya ce ba ya son a sa masa rana, mun ce mun ji. Akwai baitocin da tawada ta goge, kuma babbar 'yar marigayin ce kaɗai ta haddace su, don haka kowace Asabar nake zuwa da rikoda tana rerawa ina rubutawa.