Ranar da Na Ce Ina Tsaka-tsaki

Alhamis mai zuwa zan miƙa makullin ofis, bayan shekara tara ina koyarwa a makarantar nan. Abokan aiki sun ce in bar musu ɗan rubutu kafin in tafi. Na zauna lissafa darussa, sai na tarar guda ɗaya ya danne sauran.

Waɗanda muka daɗe tare za su tuna shekarar da aka ba mu gurbi ɗaya tak na tallafin karatu. Mu biyar aka naɗa kwamiti, ni ne sakatare. Muka yi jarrabawa, wata yarinya mai zama a bencin baya ta ci 87. Wanda ya bi mata ya ci 79, kuma kowa ya san ɗan gaban goshin shugaba ne, ɗan amininsa. Da muka kai sakamako, shugaba ya cire tabarau ya ɗora a kan takardar, ya ce, "Malamai, mu yi adalci. Maki ba shi ne komai ba, a duba hali ma." Nan take aka ƙirƙiro wani sashe mai maki 10 wanda babu shi a ƙa'idar da muka rubuta tun farko. Aka ba yaron 10, aka ba yarinyar 1. Ya tashi da 89, ita 88.

Malamai biyu suka ce atafau ba da su ba, biyu suka bi shugaba. Aka zuba mini ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ina tsaka-tsaki, nawa rubutu ne." Da aka yi kunnen doki, shi ya raba gardama. Na rubuta, na sa hannu, na koma gida ina gaya wa kaina ai ban goyi bayan kowa ba.

Bayan mako guda yarinyar ta zo ta tsaya a bakin ƙofata, ta rungume littafinta a ƙirji. Ta ce, "Malam, don Allah nawa na ci?" Na ce sakamako yana wurin shugaba. Ta ɗan jima tana kallon ƙasa, ta ce, "To, na gode, Malam." Har yau wannan godiyar tana ci mini rai.

Tun daga ranar na daina ɗaukar tsaka-tsaki da daidaito da adalci a matsayin abu ɗaya. Tsaka-tsaki yana da muhallinsa: alƙalin wasa kafin a buga ƙwallo, ko mai sasanci kafin ya ji ta bakin kowa. Amma idan gaskiya ta riga ta fito a takarda baƙi da fari, wanda ya tsaya a tsakiya ya miƙa ƙuri'arsa ga mai ƙarfi ne kawai. Daidaito ma daban yake, don in ka ba dukan aji maki 50 ka daidaita su, amma ka cuci wanda ya kwana karatu. Adalci, da muka aro daga Larabci, malamai kan fassara shi da ajiye abu a inda ya dace, kishiyarsa zalunci. Shi ne mafi nauyi a cikinsu, kuma shi ne na fi jin masu son kai suna ambata. Shugabanmu bai taɓa cewa "mu yi son zuciya" ba.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce ba sani ba sabo, domin ta kama sunan ƙofofi biyun da alfarma take bi ta shigo. Ba ta da ado, kuma da wuya a lanƙwasa ta.

Zangon da ya biyo baya na fara naɗe kusurwar takardun ɗalibaina, in rufe suna in sa lamba. Abin da na gani ya ba ni tsoro: wasu da nake ɗauka zaƙaƙurai suka sauko kaɗan, wasu da ban taɓa lura da su ba suka hau. Ashe ni ma ina da 'yan lelena, ban sani ba. Daga baya na karanta wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, inda aka tura takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, masu ɗauke da bayanai iri ɗaya amma sunaye daban. Masu sunan da ya yi kama da na fararen fata sun fi masu sunan baƙaƙen fata samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Suna kaɗai.

Shugaba ya kira tsarin nawa iyayi. Ba a sake sa ni a kwamiti ba, ƙarin girma ya wuce ni sau biyu, kuma na san dalili. Amma yau malamai shida ke rufe suna kafin su duba takarda, ba wanda ya tilasta musu.

Sauran abin da na koya ba yawa. A rubuta ƙa'ida kafin a ga sunayen masu nema. Kada a sa hannu a ranar da aka sauya ta. Mai yawan cewa "tsakani da Allah" a taro, a jira a ga aikinsa.

Ga wanda zai gaje ni: takardar da ke haɗa lambobi da sunaye tana cikin ambulan, a aljihun tebur na ƙasa. Za a aiko a karɓa, wataƙila tun kafin ka gama duba aji ɗaya. Kada ka bayar sai ka shigar da maki da biro, malami na biyu ya sa hannu kusa da naka.