Masu gadin iyakar Rum: abin da karatunsu ya koya mini

Wanda ya karanta tarihin ƙarshen daular Rum zai tarar da sojoji iri biyu. Akwai na iyaka, waɗanda ake kira limitanai, suna zaune a sansanoni a bakin kogin Rayin da Danub da gefen hamadar Sham da Masar. Akwai kuma komitatensis, rundunar da ke biye da sarki ko manyan sarakunan yaƙinsa, inda wuta ta tashi can ake tura su. Rabon ya somo daga zamanin sarki Diyokleshiyan, wanda ya hau mulki a 284, ya kankama a hannun sarki Konstantin. A daraja da gata, masu rakiyar sarki ne a sama. An daɗe kuma ana ɗaukar na iyaka a matsayin manoma masu riƙe da mashi, waɗanda ba su da wani kataɓus.

Takardun Filabiyus Abinayus ne suka fi zaunar da ni. Shi ne kwamandan barade a sansanin Diyonisiyas, a yankin Fayum na Masar, daga wajen 342 zuwa 351, kuma wasiƙun da aka aika masa sun tsira har zuwa yau. Babu labarin gumurzu a cikinsu. Wani ya kawo ƙarar an sace masa tumaki. Wani jami'i yana neman a kama masu fasa-ƙwaurin kanwa. Ana roƙon sojoji su raka masu karɓar haraji. Wani limamin Kirista ya rubuto yana neman aron raga, saboda barewa na cinye wa mutane shuka. Wani limamin kuma, mai suna Kawor, ya roƙi a yafe wa wani soja Bulus da ya gudu daga aiki, a yi masa afuwa wannan karon kawai. Da na gama karanta su sai na ga ashe wannan sansani shi ne ofishin 'yan sanda, shi ne na kwastan, shi ne inda talaka yake kai kukansa. Idan mutanen Abinayus sun yi aikinsu da kyau, manomi ya girbe hatsinsa, ayari ya wuce lafiya, marubucin tarihi kuwa bai sami abin rubutawa ba. Shi ya sa sunansu ya yi ƙaranci a littattafai, kuma ina ganin an zalunce su da aka auna su da ma'aunin fagen daga.

Abu na biyu da na fahimta shi ne rundunar sarki ba don abokan gaba kaɗai aka tara ta ba. Tsakanin 235 da 284 an yi sarakuna fiye da 20, akasarinsu sojojinsu ne ko abokan hamayya suka kashe su. Kwamandan da ke riƙe da dubban mayaƙa a nesa da fada, gobe yana iya cewa shi ne sarki. Saboda haka aka tattaro zaratan kusa da gadon mulki. Marubucin tarihi Zosimus, wanda ya yi rubutu a wajen shekarar 500, ya zargi Konstantin da kwashe sojoji daga iyaka ya zuba su cikin birane, inda jin daɗi ya lalata su. Sai dai Zosimus mai bautar gumaka ne, yana jin haushin Konstantin saboda Kiristanci, don haka nake karanta zarginsa da lura. Dabarar tattaro zaratan ma ba ta kashe bore ba. Dakarun da Juliyan, mataimakin sarki, ya ci ƙabilun Alamanni da su a Istirasbog a 357, su ne a 360 suka ƙi umarnin tafiya gabas, suka naɗa shi sarki a birnin Faris na Faransa ta yau.

Runduna irin wannan tsada gare ta, kuma rana ɗaya tana iya cinye ta. A Adiriyanobul, ran 9 ga Agusta 378, ƙabilun Gotawa suka kashe sarki Balens tare da kusan kashi biyu cikin uku na dakarunsa. Idan aka yi irin wannan asara, daga ina ake cike giɓi? Daga iyaka. Kundin muƙaman daular, Notitia Dignitatum, ya jera rukunoni da yawa da aka ɗebo daga sansanonin iyaka aka haɗa da rundunar fage. Da a ce ragwaye ne, ba wanda zai kai su gaba. Amma duk rukunin da aka ɗauke, an bar wani mashigin kogi babu mai gadi.

Yadda aikin nasu ya ƙare ya fi komai taɓa ni. Yujibiyus, wanda ya rubuta tarihin waliyyi Seberinus a 511, ya ce a lardin Norikum da kewayensa, a bakin Danub, ana riƙe da sojojin garuruwa da kuɗin hukuma, da kuɗin ya yanke sai rukunonin suka watse. Na Batabis, wato Fasau ta Jamus a yau, su suka daure. Suka tashi wasu daga cikinsu zuwa Italiya su karɓo wa 'yan'uwansu albashi. Mahara suka kashe su a hanya ba wanda ya sani, sai da kogi ya kawo gawarwakinsu gaɓa. Mutanen nan ba su gudu ba, ba a kuma ci su da yaƙi ba. Baitulmalin ɓangaren yamma na daular ne ya bushe, musamman bayan ƙabilar Bandal sun ƙwace birnin Kartaj a 439, harajin Afirka ta Arewa ya tafi da su. Garuruwan bakin Danub suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙaura daga wannan ganuwa zuwa waccan, har a 488 Odowaka, wanda ke mulkin Italiya a lokacin, ya ba da umarni a kwashe Rumawan lardin a mayar da su can.