Minti ashirin a Uhudu

Yau da hantsi motar ziyara ta sauke mu a Uhudu, direba ya ce minti ashirin kacal. Nan da nan jama'a suka yi kan ɗan tudun nan suna ta hoto, da yawa na zaton shi ne Uhudun. Wannan Dutsen Maharba ne, inda Manzon Allah (SAW) ya tsayar da maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair ranar yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, ya ce kada su sauko ko da sun ga an ci nasara. Uhudu shi ne dogon jan dutsen can gaba. Daga saman tudun ana hango maƙabartar Sayyidina Hamza da shahidai kusan 70, da wajen da dawakan Halidu bin Walid, wanda a lokacin yake ɓangaren Ƙuraishawa, suka zagayo bayan yawancin maharban sun sauka tattara ganima. Kusa-kusa suke, har tsikar jiki ta tashi.

Mai zuwa ya fara da maƙabartar, ya yi sallama da addu'a, sannan ya hau, don masu sayar da dabino kaɗai sun isa cinye lokacin. Silifas na santsi a kan tsakuwar. A ɗauki hoton lambar mota, duk kamarsu ɗaya, nan ake barin alhazai suna neman tasi. Hawan tudun bai kai minti biyar ba, saukarsa ma haka. Tun da muka dawo masauki, saukar nan ce ke ta dawo min a rai.