Sati na 7 da kyamara: ashe ƙafa ce ke aikin, lensi suna ya tara

Salam 'yan uwa masu koyo. Wancan satin na yi ƙorafin cewa duk wanda na ɗauka fuskarsa tana fitowa a kumbure, to na gano bakin zaren, kuma laifina ne ba na kyamara ba.

Ranar Asabar da la'asar na ja ƙanina muka je wani fili a cikin gari inda ake hango Dutsen Dala, na ce ya tsaya kar ya motsa. Lensin da ya zo da kyamarata ne, 18-55mm (ƙaramar lamba tana ɗauko fili mai faɗi, babba tana kawo abu kusa), sai wani dogo 55-250mm da na aro wajen abokina. Sharaɗin da na sa wa kaina ɗaya ne, a kowane hoto daga kai zuwa ƙirji kawai zai cika firam ɗin.

A 18mm sai da na matso kamar mita ɗaya. Wallahi hancinsa ya zama ƙato, kunnuwa sun gudu baya, Dala kuwa can ƙurya kamar tarin ƙasar gini, ga wayoyin wuta ga Adaidaita ga mai rake duk sun shigo. Da ya leƙa ya ce "Yaya don Allah goge wannan." Ban goge ba. A 55mm na ja baya wajen mita 3, fuska ta dawo daidai, dutsen ya ɗan taso. A 200mm kuma sai da na koma kusan mita 11 har ina ɗaga murya kafin ya ji ni, nan ne Dala ta cika bayansa gaba ɗaya sai ka ce ya jingina da ita, mai rake ya ɓace, komai na baya ya yi dishi-dishi.

Da na dawo gida ina ta yabon dogon lensi, wai shi ne ke janyo baya kusa. Washegari na sake gwadawa a ƙofar gida amma ban ɗaga ƙafa ba, wuri ɗaya na tsaya na ɗauka a 18 na kuma ɗauka a 55, sannan na yanke na 18 ɗin a kwamfuta har ya kai girman ɗayan. Hanci iri ɗaya, girman katangar baya iri ɗaya. Bambancin kawai wanda na yanke ya ɗan farfashe kuma bayansa bai yi laushi sosai ba. Wato nisan da ke tsakaninka da mutum shi ke canza siffa, lambar mm faɗin abin da zai shiga hoton take ƙayyadewa, sai ta tilasta maka matsowa ko ja da baya. Shi ya sa salfi ke ƙara hanci, tsawon hannu ne iyakar nisanka.

Masu Canon mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) irin tawa ku tuna ana ninka lambar mm da 1.6, Nikon 1.5, in za a kwatanta da kyamara mai babbar sensa, don haka 50mm tana zama kamar 80mm, a cikin ɗaki in kana ja da baya sai bango ya tare ka.

Abin da ya ba ni haushi, rabin hotunan 200mm sun yi rawa saboda na bar shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/60 na daƙiƙa, ya kamata in kai aƙalla 1/320. Ga hazon hunturu ya sa Dala ta yi fari-fat. Lensin aro ne, ranar Laraba zan mayar, don haka gobe da sassafe zan koma in ƙanin nawa ya yarda ya tashi.