Kafin ka tafi Guangzhou, karanta littafin jagora

Ƙannena masu shirin fara sayo kaya daga ƙasar Sin, na san abin da ake gaya muku a kasuwa: tanadi dalarka, nemi biza, akwai yaron da zai tare ka a filin jirgi, shi ke nan. Haka aka gaya mini, na kuma yarda. Da wani dattijo ya miƙo mini littafin jagorar Guangzhou, don kunya na karɓa, na bar shi a shago. A ganina na 'yan yawon buɗe ido ne, ni kuwa fatauci ne zai kai ni.

Tun daga zaɓen lokaci na fara biyan kuɗin wannan raini. Na ga tikiti, na saya, na sauka ana dab da bikin sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Ma'aikata sun tafi garuruwansu, masana'antu sun rufe, wasu sai bayan makonni suke komawa aiki sosai. Ina zaune a masauki ina cin jari. Kowane littafin jagora yana da shafin ranakun hutu. A nan za ka ga hutun makon farko na Oktoba, ka kuma ga baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba, a unguwar Pazhou da ke Guangzhou. Kashi uku ake yin sa, kowane kashi da irin kayansa, kuma a lokacin kuɗin ɗaki kan yi tashin gwauron zabi.

Za ku ce ai akwai waya. To, Google da WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar Sin sai da dabara, dabarar kuma tun daga gida ake shirya ta. Ni sai da na sauka a filin jirgin Baiyun na gane haka. Adireshin masaukina a rubutun boko yake, direban tasi ya juya takardar, ya girgiza kai, ya miƙo mini abata. Littafin kirki yana rubuta kowane wuri da haruffan Sinanci a gefen na boko. Ba sai ka iya karantawa ba, ɗora yatsa kawai ka nuna. Kada ka ce za ka furta, domin harshen na karin sauti ne, kuma 'yan asalin garin Kantonanci suke yi, ko da yake kusan kowa na jin Mandarin.

Babbar asarata ita ce rashin sanin shimfiɗar garin. Birni ne mai mutum fiye da miliyan 18, amma ni Xiaobei da Sanyuanli kaɗai na sani, inda 'yan Afirka suka fi taruwa. Inda dillalina ya kai ni nan nake zuwa, farashin da ya faɗa shi ne farashi. Ba na ce duk dillali macuci ne ba, akwai masu amana, kuma wajen ciniki da lodin kwantena ba ka da makawa sai da su. Sai dai wanda bai san hanya ba, ba ya iya cewa a'a. Daga baya, da na zauna da littafin da taswirar jirgin ƙasa na cikin gari, na ga kowace sana'a da unguwarta. Yadi yana Zhongda, kusa da jami'ar Sun Yat-sen. Tufafi suna Baima, gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Jakunkuna da kayan fata suna yankin Sanyuanli. Tayil da kujeru kuwa sai ka leƙa Foshan, maƙwabciyar Guangzhou, kayan waya kuma Huaqiangbei a Shenzhen. Layi na 5 ne ke bi ta Xiaobei, na 2 ta Sanyuanli, na 8 ta Pazhou, na 3 ya kai ka filin jirgi. Ranar da na fara shiga jirgin ni kaɗai, na zaga shaguna ina kwatanta farashi, ranar dillalina ya canza murya.

A kula da tashoshin jirgin ƙasa mai zuwa wasu garuruwa. Akwai tashar Guangzhou, akwai ta Gabas, akwai ta Kudu, kuma tsakaninsu da nisa. Na taɓa zuwa wata alhali jirgina a wata yake, tikitin ya tafi a banza. Riƙe fasfonka, da shi ake sayen tikiti, da shi ake shiga.

Abinci ma sai da na wahala a banza, ina ta burodi da shayi don tsoron naman alade. Ashe gidajen taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yammacin Sin sun cika garin, galibi da koren allo mai alamar halal. Ga masallacin Huaisheng a titin Guangta, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar. Ga kuma masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda baƙi ke cika ranar Juma'a. Musulmin can suna cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne a wurin, malaman tarihinmu kuwa sun ce a Madina aka binne shi.

Amma kada ka ɗauki littafin kamar ba ya kuskure. Duba shekarar da aka buga shi. Masallaci ba ya tashi daga inda yake, amma farashi da sharuɗɗan biza da otal-otal suna canzawa. Tsohon bugu zai ce ka riƙe tsabar kuɗi, alhali yanzu har mai sayar da 'ya'yan itace da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ya fi son a biya shi. Irin waɗannan, tambayi wanda ya dawo kwanan nan.

Shafin dokoki kuma kada ka tsallake shi. Idan otal ka sauka, su za su yi maka rajista. Idan gidan ɗan'uwa ne, dole ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Kada ka bar bizarka ta ƙare kana ciki, tarar kullum ake lissafawa, tana iya kai mutum ga tsarewa. Mafi yawan littattafan nan da Turanci suke, don haka idan bokonka bai yi nisa ba, ka zaunar da wani ya karanta maka tun kana gida, ka ɗauki hoton shafukan da ke da haruffan Sinanci, ka kuma buga su a takarda saboda ranar da cajin waya zai ƙare.