Abin da na koya a gindin kujerar Kakaki

Matasan da ke neman aikin majalisar dokokin jiha sukan zo wurina a nan Katsina da sashe na 92 na kundin tsarin mulkin 1999 a bakinsu: 'yan majalisa ke zaɓen Kakaki da mataimakinsa daga cikinsu, kashi biyu cikin uku ke tsige su. Haka ne. Amma wanda ya zauna a teburin akawu ya san inda ƙarfin kujerar yake: wa za a ba dama ya yi magana, wane ƙudiri zai hau takardar zaman yau, wane zai kwana a aljihun tebur, sai kuma abin da za a rubuta cewa ya faru.

Wannan na ƙarshe ne ya ci ni, a majalisar wata jiha da na yi wa aiki. Gwamnati ta aiko da buƙatar ciwo bashi. Aka tambayi zaure, masu cewa a'a suka fi ƙara, kowa ya ji, har 'yan kallo. Kakaki ya buga guduma ya ce an amince. Wani ɗan majalisa ya miƙe yana neman a ƙirga, ko kallonsa bai yi ba. Alhali sashe na 98 ya ce rinjaye ke yanke magana, shi mai jagorantar zama ma ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Na rubuta cewa an nemi ƙirge kuma ba a yi ba.

Da la'asar aka kira ni ofishin Kakaki.

"Malam, wa ya sa ka rubuta wannan?"

"Ranka ya daɗe, abin da ya faru ke nan. In majalisa na son gyara, sai ta gyara a zama na gaba, lokacin amincewa da rahoton."

Bai ƙara cewa komai ba. Wani ya goge layin, ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka yi ihun a'a ɗin nan, da aka karanta musu rahoton da aka gyara, babu wanda ya ce uffan.

A ɗakin nan na samu lokacin karatu, na koma kan tarihinmu. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 majalisarmu a Kaduna take. A 1979 gwamna Balarabe Musa ɗan jam'iyyar PRP ne, rinjayen majalisa na jam'iyyar NPN, Kakaki kuwa Mamman Abubakar Ɗanmusa. Suka ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, a watan Yuni 1981 suka tsige shi, Abba Musa Rimi ya hau. Ni dai a ganina an yi wa Balarabe tsanani. Duk da haka, a lokacin gwamna ya san akwai majalisa. Doka ba ta rage wa kujerar komai ba har yau: takardar tuhumar gwamna hannun Kakaki ake miƙa ta, shi ke neman Babban Jojin jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai, kuma in babu gwamna babu mataimaki shi ke riƙe jiha na tsawon da bai wuce wata uku ba. Mai wannan nauyi ne za ka ga yana jiran waya daga gidan gwamnati kafin ya shiga zaure.

Kujerar kuma ba gado ba ce. Majalisar Katsina mutum 34 ce, 23 sun isa su sauke Kakaki, kuma an gani a 2017 lokacin da aka tsige Aliyu Sabi'u Muduru, Abubakar Yahaya Kusada ya gaje shi. Ma'aikacin da ya jingina da mutum ɗaya, ranar da aka sauke shi tare suke sauka.

Sauran darussan ƙanana ne. Ka haddace ƙa'idojin zaure fiye da 'yan majalisar. Ka gaida shugaban marasa rinjaye kamar yadda kake gaida na masu rinjaye. Ka riƙa ajiye kwafin duk abin da ka sa wa hannu a gida.

Ƙarin girma ya yi ta wuce ni har na ajiye aiki, yaran da na koya wa rubuta rahoto suka zama shugabannina. A kan wancan matakin aka lissafa mini fansho.