Kazar kyauta a lokacin hunturu

Da zarar sanyi ya fara bugawa a Garwa, wajen watan Disamba zuwa Janairu, sai ka ga mutane sun zama masu kyauta. Wannan ya ce zo ka ɗauki sagara biyu, wancan ya ce mu yi musaya ka ba ni zakaranka in ba ka kaji uku, a kasuwa ma ka ji an karya kuɗi har ka fara zargin ko na sata ne. Ba na cewa duk mai yin haka mugu ne, amma mu da muke kiwo a bayan ɗaki mun san lokacin nan ne annobar kaji take yawo, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, kuma da yawa sai sun ga ɗaya ta fara gyangyaɗi ta saki fukafukai tana koren kashi sannan suke tuna maƙwabci.

Matsalar ciwon nan shi ne kaza tana iya ɗauke da shi kwana biyar ko shida tana kiwonta lafiya lau, ido garau, tukku ja. Ka kawo ta ka zuba cikin naka, su sha ruwa a kwano ɗaya, kafin sati biyu akurki ya zama kango. Kuma ba shi da magani in ya kama, duk barkono da maɗaci da kafso ɗin da ake buɗewa a zuba a ruwa, wallahi rage zafin rai ne kawai. Rigakafi ne abin yi, ga LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi, nan a Bokle kusa da mu suna haɗa allurar dabbobi har da ta kaji, sai dai kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, mai kaji goma ba zai shanye ta ba kuma in an haɗa ta ba ta kwana, shi ya sa mu a layinmu muke haɗa kuɗi mu saya a zagaya gida gida rana ɗaya tun kafin sanyi ya shigo.

Ni dai duk kazar da ta shigo gidana, ko daga hannun yayata ta fito, sai ta yi sati biyu ita kaɗai ƙarƙashin kwando a can wajen madafa, kwanonta daban. Ina ɗaga fiffike in duba ƙwarƙwata, in shafa ƙashin ƙirji in ji ko ya fito kamar wuƙa, in buɗe baki in shinshina. Wata Hajiya da aka yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Ngaundere ta raba kajinta kafin su tashi, ta ji haushi da ta ga na kife nata a kwando, ta ce "Haba ɗana, kajina ne kake wa kallon masu cuta?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri, ko nawa ne suka je gidanki haka nake so ki yi musu.

Musayar da na fi so ita ce ta zakara, don in zakara ɗaya ya daɗe yana bin 'ya'yansa da jikokinsa tsaki sukan fito ba ƙwari. Sai kuma ta ƙwai, da damina ka karɓo ƙwan zabi ka sa wa kazar da ke kwanci, amma ka tuna nata kwana 21 ne, na zabi sai wajen 28, in ka haɗa su rana ɗaya za ta tashi da tsakinta ta bar sauran su huce. Masu yayin manyan kajin nan da ake kira Brahma kuwa Allah ya ba da sa'a, zafin Afrilu na garin nan da ke wuce 40 ba ya raga wa kaza mai gashi har ƙafa.

Zakarun da suka yi yawa fa ba sai an nema musu gida ba, zakara ɗaya ya ishi kaji goma, sauran faɗa ne da cin dusa da hana unguwa barci. A yanka. A hana shi abinci tun dare a bar masa ruwa, cikin ya fi sauƙin gyarawa, wuƙa ta yi kaifi, a fuskanci alƙibla a yi bisimilla, kada a yi a gaban 'yan uwansa. Ruwan figa kada ya tafasa, in ya tafasa fata ce za ta biyo gashin. A babbake ƙananan gashin a wuta, wajen cire hanta a lallaɓa maɗaciya don in ta fashe ta ɓata naman, ƙundu a tsaga a ɓare fatar ciki. Gashi da hanji a binne su, ba a watsa a lungu kare ya ja zuwa gidan wani ba. Da yadda wuta ke ɗaukewa ban yarda da firigo ba, gara a soya shi ƙayau a barbaɗe da yaji, tsohon zakara kuma sai farfesu, a ba shi wuta sosai don naman na da tauri.